Kiɗan maƙeran Birmingham: hayaniya ce ko kiɗa ne?

Mai Walda:
Salamu alaikum mutanen gida. Yau dai sai na amayar da abin da ya daɗe yana cina, tun rasuwar Ozzy Osbourne, mawaƙin ƙungiyar Black Sabbath, ranar 22 ga Yulin 2025 nake son in yi maganar nan ban samu zama ba. Jiya ina shago ina haɗa wata ƙofa na kunna Black Sabbath a ƴar sifikata, wani bawan Allah da ya kawo gyaran tagar gidansa ya tsaya ya kasa kunne, can ya ce min Oga wannan ai ba kiɗa ba ne, kamar inji ne ke dukan ƙarfe. Wallahi ban ji haushi ba ko kaɗan, don shi bai sani ba gaskiyar zancen ya faɗa.

Bari ku ji dalili. Mai jitar ƙungiyar nan, Tony Iommi, ɗan unguwar Aston ne a Birmingham, garin masana'antu a tsakiyar Ingila, kuma aikin walda yake yi a wani kamfanin ƙarfe yana ɗan shekara 17, sana'ata ce sak. Ranar da zai ajiye aiki ya koma kiɗa gaba ɗaya, a ranar ta ƙarshe, wanda ke kan injin matse ƙarfe bai zo ba sai aka ce shi ya je ya riƙe injin, kuma bai saba da shi ba. Inji ya sauko ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da mai bi masa. To shi bahago ne, ma'ana hannun daman nan da shi yake danna tsirkiya. Duk wanda ya taɓa aiki da injin yanka ƙarfe ya san abin da nake faɗa, ƙiftawar ido ce kawai, ni ma akwai tabo a babban yatsana tun ina yaron shago, har yau in sanyi ya shigo sai na ji shi.

An ce masa ya haƙura da jita. Sai wani ogansa na wurin aiki ya kawo masa faifan Django Reinhardt, wani makaɗin jita na Faransa da wuta ta ƙona wa hannu amma ya ci gaba da kiɗa da yatsu biyu. Nan yaron ya samu ƙarfin gwiwa, ya narka robar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun ƴan huluna ya manna musu fata don kada su riƙa zamewa, ya nemo tsirkiya mara kauri irin ta banjo saboda mai kauri tana yi masa zafi, daga baya ma ya sassauta ɗaurin tsirkiyar gaba ɗaya, musamman a kundinsu na uku na 1971, sai sautin ya yi ƙasa ya yi nauyi ya yi duhu. Wannan nauyin da kuke ji a heavy metal, wato salon kiɗan rock mai ƙara da nauyi irin na su Sabbath, wani ɓangare nasa daga ciwon yatsan ɗan ƙwadago ya fito.

Abin da nake so in ce shi ne, mu nan kowace sana'a da kiɗanta. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma, in an buga musu ba mai riƙe su. To heavy metal kiɗan maƙeran Ingila ne, ƴaƴan talakawa da suka tashi ƙarar guduma a kunnensu. Shi kansa Ozzy ya yi aiki a kwata kafin ya zama mawaƙi. Ina son in ji ra'ayinku, har da waɗanda ba sa so.

Auta:
Kaiii Oga ka gama magana wlh. Ni dai Metallica ce ta shigo da ni harkar nan, wani abokina ya tura min Master of Puppets a waya muna aji biyar na sakandare, minti takwas da wani abu amma ban san lokacin da ta ƙare ba. Ban taɓa sanin labarin yatsun nan ba sai yau

Ɗan Liman:
Wa alaikumus salam. Oga Mai Walda ka san ina ganin girmanka, kuma labarin yaron nan ya taɓa ni gaskiya, mutum ya rasa yatsu bai zauna yana bara ba abin yabo ne. Amma ka tsallake inda gizo ke saƙar. Sunan ƙungiyar fa? Hotunan da ke jikin faya-fayansu fa, ƙoƙon kai, kaburbura, ƙaho, wuta? Shi Ozzy ɗin da kake jimami ba shi ne ya gatsa kan jemage a gaban jama'a ba? Ni ban taɓa ganin makaɗin dundufa ya zana shaiɗan a jikin gangarsa ba. Kwatancen ka yana da daɗin ji amma bai zauna min ba tukuna.

Maman Biyu:
Ni ma abin da ke hana ni kenan. Ina son Queen sosai, muryar Freddie Mercury ba ta da na biyu a wurina, amma da zarar an zo kan waɗannan masu ihu sai in ji kaina na sarawa, kuma ba na jin me suke cewa, to yaya zan bar abin da ban san me ake faɗa a ciki ba ya tashi a ɗakina yara na ji

Mai Walda:
Malam Ɗan Liman na gode, irin wannan nake so. Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Maganar jemage gaskiya ce, a 1982 aka yi a Amurka, wani ne ya jefo shi kan dandamali, shi Ozzy ya ce ya zaci na roba ne, ƙarshe sai da aka kai shi asibiti aka yi masa allurai. Kuma mutumin ya sha giya ya sha ƙwaya har ƴan ƙungiyar suka sallame shi a 1979, wannan ba abin da zan kare ba ne. Sunan kuma daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963 suka ɗauko shi, da can Earth ake kiransu. Tunaninsu shi ne tunda mutane na biyan kuɗi su shiga silima a tsorata su, me zai hana a yi kiɗan da zai ba da tsoro. Kasuwa ce da ƙuruciya.

Amma ka duba abin da ke cikin waƙoƙin. Wanda ke rubuta yawancinsu mai jitar bes ne, Geezer Butler, ɗan gidan ƴan Katolika ne masu riƙo da addininsu. War Pigs ta 1970 zagin shugabanni ce, masu kunna wutar yaƙi su zauna a gida su tura ƴaƴan talakawa su mutu, lokacin ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, kuma a ƙarshen waƙar ranar hisabi ce ta zo musu. After Forever kuwa kusan wa'azi ce, tambayar mai saurare take ko ya shirya wa abin da ke bayan mutuwa. Har gicciye suke ratayawa a wuya wanda baban Ozzy ya ƙera musu da hannunsa. Ban ce waliyyai ba ne, ban ce addininmu ɗaya ba, cewa na yi tsoron shaiɗan ya fi yawa a bakinsu a kan kiransa.

Ɗan Liman:
To su kenan. Sauran fa? Na karanta cewa a Nowe masu irin wannan kiɗan har coci-coci suka riƙa ƙonawa.

Mai Walda:
Haka ne, farkon shekarun 1990, wasu ƴan black metal ne, har kisan kai aka yi a tsakaninsu aka ɗaure wasu. Ni ba na jin su kuma ba zan ce wa kowa ya ji ba. Gidan metal babba ne, akwai ɗakin da ni ma ba na shiga.

Kawun Kowa:
Yarana sannunku da hira. Na daɗe ina karantawa ina murmushi, sai yanzu jikata ta samo min gilashina. Ɗana Mai Walda ka yi rubutu mai kyau amma ka yi wa tarihi gaggawa, ka ɗora komai a kan mutum ɗaya kamar kafin shi duniya shiru take. Mu da muka yi makaranta a shekarun 1970 a kan garmaho muka ji abin nan, faifai ɗaya sai ya zaga ɗakuna goma kafin ya dawo hannun mai shi duk ya karce, kuma a lokacin ba wanda ke ce masa metal a cikinmu, rock kawai muke cewa. Led Zeppelin sun fitar da kundi biyu a 1969 kafin Sabbath su fitar da na farko ranar 13 ga Fabrairun 1970. Ka saurari yadda John Bonham na Zeppelin ke dukan ganga sannan ka zo ka gaya min wa ya fara nauyi. Kafin su akwai Cream, akwai Jimi Hendrix wanda shi ma bahago ne, ya juya jitar dama ya kaɗa ta da hagu ya sa ta kuka kamar mutum. Kafin su ma a 1964 yaron The Kinks, Dave Davies, ya sa reza ya tsaga takardar sifikarsa don sautin ya riƙa fita da ƙura-ƙura. Wannan ƙarar da ake cewa inji ya lalace da gangan aka nemo ta, tun kafin Sabbath.

Kuma duk su ɗin nan daga ina suka sha? Daga blues na baƙaƙen Amurka, jikokin bayi, su Muddy Waters da Howlin' Wolf da Willie Dixon. Yaran Ingila sun sayi faya-fayansu suka kwaikwaya suka ƙara wuta. Har Zeppelin sai da Willie Dixon ya kai su ƙara a kan Whole Lotta Love aka sasanta aka sa sunansa a jikin waƙar. Ina son su har gobe amma wannan hali nasu na ɗaukar kayan mutane ba sallama bai yi min ba.

Auta:
Kawu ashe kai ma ɗan gida ne 🔥🔥 Allah ya ƙara lafiya

Kawun Kowa:
Amin ɗana. Ku yaran yanzu kuna zaton abin nan bai taɓa zuwa ƙasar nan ba. Bayan yaƙin basasa rock ya yi tashe a Najeriya sosai, akwai BLO, akwai The Funkees, akwai MonoMono, akwai Ofege waɗanda ƴan sakandare ne a Legas suka yi kundi a 1973 ya karaɗe ko'ina. Mai gangar Cream, Ginger Baker, tattarowa ya yi ya zo Legas ya zauna ya buɗe situdiyo, ya yi kiɗa da Fela. Paul McCartney ma a Legas ya ɗauki Band on the Run a 1973. Ba labari aka ba mu ba, zamaninmu ne.

Mai Walda:
Kawu ranka ya daɗe na karɓi gyara, ban ce ba a yi ƙara kafin Iommi ba. Amma ka ba ni dama in ɗan ja da kai kaɗan cikin ladabi. Zeppelin in ka ɗauki kundinsu za ka tarar da waƙar soyayya, ka tarar da jitar katako mai sanyi, ka tarar da blues tsantsa, yau suna nan gobe suna can, gwanaye ne ba musu amma nauyi ɗaya ne daga cikin kayan da ke buhunsu. Su kuwa Sabbath nauyin shi ne gidan gaba ɗaya. Waƙar farko a kundinsu na farko da ruwan sama da tsawa da ƙararrawa ta fara, sai jita ta shigo da sauti uku kacal, a hankali kamar ana jan gawa, kuma tazarar da ke tsakanin sautukan irin wadda kunne ba ya samun natsuwa da ita ce. Ba wanda ya gina waƙa sukutum a kan wannan kafin su. Kuma a yini ɗaya suka ɗauki kundin, kamar yadda suke kaɗawa a kulob haka suka shiga suka buga suka fita. Shi ya sa in ka tambayi su Metallica da Iron Maiden da duk na baya waye uba, Sabbath za su nuna maka.

Abin da Turawa ke kira riff, ni a wurina take ne. Kamar yadda in an buga taken wani basarake ko ɗan dambe tun kafin a buɗe baki kowa ya san wa ake nufi, haka jitar Iommi take, daƙiƙa uku ka san waƙar. Kuma maimaita shi ake yi ana ta maimaitawa har sai ya shiga jiki. Mu da muka tashi da kiɗan kalangu da amshi bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba.

Kawun Kowa:
Maganar take ɗin nan ta yi, na ba ka. Amma in take ne ai sarkin take na wurin Deep Purple, Smoke on the Water, wadda duk yaron da ya fara riƙe jita a duniya da ita yake farawa. Kuma labarin gaske ne suka rera, sun je Montreux a Siwizalan a Disambar 1971 za su ɗauki kundi a wani gidan caca, ana wasan Frank Zappa wani ɗan kallo ya harba bindigar tartsatsi rufin ya kama, gini ya ƙone ƙurmus, suna zaune suna kallon hayaƙi a kan tafkin. A barandar wani otal suka ƙarasa aikin. Ka nemi kundinsu Made in Japan ka ji yadda Jon Lord ke kokawa da Ritchie Blackmore, ɗaya da organ mai kama da piyano ɗaya da jita, kamar ƴan dambe biyu da ba mai faɗuwa. Uba dai ban yarda guda ɗaya ba ne, uku ne, Sabbath da Zeppelin da Purple, kamar duwatsun murhu.

Ɗan Agadas:
Salam alaikum ƴan uwa, ina biye da ku daga nan Nijar. Abin da ya ba ni mamaki ku kuna ta tahiya Ingila alhali gitar tana nan bayan gidanku. Mu nan Agadas ba a biki ba gitar, a kafa sifika a fili a tada janareto ƙura ta tashi har dare ya raba. Kun san Mdou Moctar? Shi ma bahago ne, kuma gitar ɗinsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, saboda gidansu ba su son ya yi kiɗa. Ku saurari Afrique Victime ta 2021 ku ji yadda ƙarshenta ke kamawa da wuta, wallahi ba ta da maraba da abin da kuke magana, yanzu Turawa masu jin rock su ke cika wurin wasansa a Amurka da Turai. Ga Bombino shi ma namu ne, har an sa shi takarar Grammy. Ga Tinariwen na Mali sun ci Grammy ɗin ma a 2012. Shi kanshi Robert Plant na Led Zeppelin ɗin da Kawu ke so ya zo har Essakane kusa da Tumbutu a 2003 ya yi wasa a bikin hamada. To in ɗan Ingila ya ji ƙamshin abinsa a wurinmu mi zai sa mu mu ce baƙo ne

Mai Walda:
Allah ya yi maka albarka Ɗan Agadas. Wayar birkin keke! Ka ga abin da nake faɗa, wancan ya narka roba ya yi yatsa, wannan ya kwance birki ya yi tsirkiya. Talaka in yana son abu sai ya ƙera shi.

Maman Biyu:
Tunda ana lissafin iyaye maza bari in tuna muku akwai uwa. Sister Rosetta Tharpe, baƙar fata ce ƴar Amurka mai waƙoƙin coci, tun kafin a haifi su Ozzy take kaɗa jita, kuma tana cikin na farko-farko da suka rungumi ta lantarki. Akwai bidiyonta na 1964 a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchester, an yi ruwa, tana sanye da doguwar kwat tana kaɗawa samarin Turawa na tafi. Duk sanda na kalla sai tsigar jikina ta tashi. Ba a cika ambatonta ba kuma abin na ba ni haushi gsky.

Sannan maganar ƙera kaya, Brian May na Queen shi da babansa suka haɗa jitarsa a gida da katakon wani tsohon murhun ɗumama ɗaki, kuma da ita ya yi ta kiɗa duk tsawon shekarun nan. Mutumin kuma yana da digirin dakta a ilimin taurari. Don haka ni ban ce duk ƴan iska ba ne, matsalata ihun ne kawai

Auta:
Anti ba duka ke ihu ba wlh!! Ki gwada Iron Maiden, Bruce Dickinson waƙa yake yi da murya sosai kamar zai tsaga rufi, kuma waƙoƙinsu rabi tarihi ne, yaƙe-yaƙe, Fir'aunan Masar, Iskandar mai girma, ni wasu abubuwan ma a wurinsu na fara ji kafin in je in karanta. Kuma matuƙin jirgin sama ne na gaske, shi ya riƙa tuƙa su da kayansu a Boeing zuwa ƙasashe suna wasa. Ko ki ji Ronnie James Dio wanda ya maye gurbin Ozzy, ɗan ƙaramin mutum amma murya kamar ta mutum goma. Masu gurnanin da ba a jin me suke cewa wannan death metal ne, daban yake, ni ma sai ina cikin wani hali nake iya ji

Ɗan Liman:
Yauwa Auta ka kawo ni inda nake so. Shi Dio ɗin ba shi ne mai ɗaga yatsu biyu kamar ƙaho ba? Yanzu har yaranmu na yi a hoto ba su san ma'anarsa ba.

Kawun Kowa:
Shi ne ya yaɗa ta, amma shi da bakinsa ya ce a wurin kakarsa ƴar Italiya ya gani, su a al'adarsu da ita ake kore kambun baka da mugun ido. Camfi ne irin na tsofaffi, kamar yadda wasu ke rataya wa jariri laya. Ba na yi kuma ba na ce a yi, amma asalinta tsari ce ba kiran iska ba.

Sai dai Malam, kada in bar ka kai kaɗai, akwai inda gaskiyarka take kuma ni na fi kowa jin zafinsa a nan. Rayuwar da yawancinsu suka yi ta cinye su. Hendrix ya rasu a Landan a 1970 yana da shekara 27. Bon Scott na AC/DC ya tafi a Fabrairun 1980 bayan daren shaye-shaye, Bonham ya bi shi a Satumbar shekarar yana da 32, shi ma giya ce. Ranar da na ji mutuwar Bonham a rediyo ban iya cin abincin dare ba. Abin da ya ƙara min ganin girman sauran ƴan Zeppelin ukun shi ne ba su nemo wani suka ɗora a kujerarsa ba, sanarwa suka fitar cewa ba za su iya ci gaba ba tare da shi ba, ƙungiyar da ta fi kowa cika filin wasa a lokacin suka rufe ta. Kuma ina da abokin makaranta da ya ɗauka sai ka yi irin rayuwarsu kafin ka ji daɗin kiɗansu, bai kai arba'in ba. Allah ya jiƙansa. Don haka duk yaron da ke karanta wannan, Auta da kai nake, ka ɗauki kiɗan ka bar musu kwalbar.

Auta:
In sha Allahu Kawu. Allah ya jiƙan abokinka. Mu ma namu rashin shi ne Cliff Burton mai bes ɗin Metallica, shi hatsarin mota ne, bas ɗinsu ta kife a Suwidin a 1986 yana da shekara 24 kacal, watanni kaɗan bayan fitar Master of Puppets. Ka ji Orion, ba waƙa a ciki kiɗa ne zalla, tsakiyarta bes ɗinsa ne ke magana shi kaɗai, ni dai duk sanda raina ya ɓaci ita nake sawa a kunne in yi shiru

Ɗan Liman:
Amin. Ni dai hukuncin kiɗa a addini ba zan buɗe shi a nan ba, malamai sun yi magana kowa ya san inda ya tsaya. Tambayata ta ƙarshe ga Oga, me kake samu a ciki? Tsakani da Allah. Mutum ya wuni cikin ƙarar ƙarfe ya dawo kuma ya kunna wata ƙarar.

Mai Walda:
Tambaya mai kyau Malam, kuma sai da na ajiye waya na yi tunani kafin in amsa. Ƙarar shago ba ta da tsari, wannan na yanka wancan na duka janareto na nasa, kai kuma kana tsakiya ido na yaji bayan ka sha hasken walda, ga mai kaya na waya yana faɗa, ga kuɗin mai ya cinye ribar. Wani lokacin akwai abin da ke tokare maka ƙirji wanda waƙar soyayya mai sanyi ba ta isa ta taɓa shi ba, kamar ka ba mai jin yunwa alewa ne. In na sa Sabbath ko Judas Priest sai in ji ƙarar nan dai da na wuni a ciki ce amma wani ya kama ta ya jera ta ya ba ta ƙafa, tana tafiya da ni maimakon ta danne ni. Su Priest ma ƴan yankin ne, mawaƙinsu Rob Halford ya sha ba da labarin yadda makarantarsu ke kusa da masana'antar narka ƙarfe, suna aji suna jin dukan manyan gudumomi, kuma kundinsu na 1980 British Steel suka sa masa. Mutanen nan sun san warin ƙarfe mai zafi, ina ji a kiɗansu.

Shi ya sa wasan Sabbath na ƙarshe ya taɓa ni. Ranar 5 ga Yulin 2025 su huɗun na asali suka haɗu a Villa Park, filin ƙwallon Aston Villa, unguwar da suka tashi, tafiyar ƙafa daga gidajen iyayensu. Ozzy ciwon Parkinson ya hana shi tsayuwa, a zaune ya yi waƙa a kan kujera, su Metallica da Slayer da Guns N' Roses duk suka zo suka yi wasa kafin su kamar yara sun zo gaishe da uba, kuɗin kuma aka ce na asibitoci ne da masu jinya. Kwana 17 bayan nan ya rasu yana da shekara 76. A waya na kalli guntayen bidiyon cikin dare, Iommi na tsaye da baƙaƙen kayansa da ƴan hulunan nan a yatsu har yanzu, shekara kusan sittin bayan injin ya datse su. Matata ta ce lafiya kake share ido, na ce mata hayaƙin walda ne bai gama fita ba, amma ta san ba shi ba ne.

Maman Biyu:
Allah sarki. To naji zan gwada, amma ku ba ni guda ɗaya tak wadda ba za ta fasa min kai ba

Kawun Kowa:
Ƴata fara da Kashmir ta Zeppelin. A kudancin Maroko Plant ya samo ta yana tafiya a mota cikin hamada, za ki ji tafiyar raƙumi a cikin gangar.

Ɗan Agadas:
Kawu ya zaɓa da kyau. In kin gama ki biyo da Mdou ki gaya mini wanne ya hi

Auta:
Anti Nothing Else Matters ta Metallica!! sanyi gare ta wlh har a biki ana sawa

Mai Walda:
Duk sun yi. Ni tawa Planet Caravan, Sabbath ce amma ba za ki yarda su ba ne, ganga ce ta hannu da murya can ƙasa-ƙasa kamar dare a ƙauye. In ta zauna miki sai ki matsa waƙar da ke biye da ita a kundin, Iron Man, amma ki rage sauti tukuna in yara sun yi barci.

Ɗan Liman:
Na dawo. Na je na nemo War Pigs na karanta kalmomin a rubuce sannan na saurara har ƙarshe, kusan minti takwas. Abin da Oga ya faɗa a kan ma'anarta haka yake, ban ga ƙari ba, kuma mai gangar nan ya iya hannunsa, akwai wurin da kowa ke yin shiru sai ɗan ƙaramin faranti kawai ke tsit tsit kafin jita ta faɗo, wannan wurin na maimaita shi sau uku. Sunan ƙungiyar dai har yanzu ba na son sa kuma hoton ƙoƙon kai ba zai shiga wayata ba. Waye mai gangar?

Mai Walda:
Bill Ward sunansa, shi ma a Aston ya tashi, kuma jazz ya fara koya shi ya sa hannunsa ke lilo haka ba ya tafiya a miƙe kamar soja. An kawo wuta yanzu bari in je in ƙarasa ƙofar mutane kafin a ɗauke, da daddare zan turo maka wasansu na 1970 da aka ɗauka a bidiyo ka ga yadda yake dukan gangar nan kamar ta ci masa bashi.